Santimita 20 Daga Bakin Dakali: Labarin Yaya da Bas-bas ɗin Landan

Yaya muke ce mata, mu 'yan Hausawan da ke tuƙa bas a gabashin Landan, domin ta girme mu duka kuma ta riga mu zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Ta yarda a ba da labarinta, amma ban da sunanta. Mun ga ya cancanci a rubuta ne saboda zuwanta aiki da dawowarta gida sun rataya a kan abin da muke yi kullum da sitiyari, kuma daga kujerar direba muna ganin daidai inda abin yake lalacewa.

Cutar shan inna ta kama ta tana ƙarama a gida Najeriya, ta taɓa ƙafafu biyu. Da keken nan mai taya uku da ake murzawa da hannu ta yi firamare da sakandare, har ta karanci aikin akanta. Aure ya kawo ta Ingila a ƙarshen shekarun 1980. Takan ce a gida ta fi yawo, domin keken hannu yana bin titi kamar kowane keke, amma da ta zo Landan sai ta koma 'yar zaman ɗaki. Bas-bas ɗin lokacin suna da matakala biyu ko uku, wasu kuma da sandar ƙarfe a tsakiyar ƙofa, ko an ɗaga mutum da kekensa ba zai shige ba. Abin da ya rage mata shi ne motar Dial-a-Ride, wadda ake bugawa waya a nemi gurbi tun kafin ranar tafiya, a samu ko a rasa. Da wannan ana iya zuwa asibiti ko cefane. Ba a iya riƙe aikin da ake shiga ƙarfe tara kullum.

A talabijin ta ga masu irin lalurarta suna ɗaure hannuwansu da ankwa a jikin bas a tsakiyar gari, 'yan DAN, ƙungiyar masu fafutukar haƙƙin naƙasassu da aka kafa a 1993. Dokar hana wariya ga naƙasassu ta fito a 1995, ƙa'idojin ƙirar bas suka biyo baya a 2000. Bas marar matakala ta fara aiki a wasu layukan Landan a 1994, ana ƙarawa sannu a hankali, har ranar 9 ga Disamban 2005 da aka janye Routemaster, tsohuwar bas mai matakala, daga layi mai lamba 159. Tun daga nan bas ɗin aikin yau da kullum a Landan tana da 'yar gadar da keken guragu ke hawa. Sauran sassan Birtaniya sai 2016 wa'adinsu ya cika ga bas marar bene, 2017 ga mai bene. A tsakanin waɗannan shekaru Yaya ta sami aiki a sashen kuɗi na wani ofishin gidaje, bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, kuma mai keken guragu ba ya biyan kuɗin bas a Landan.

Sai kafaɗu suka gaji. Wanda ya shafe shekaru yana tura kansa da hannu, kafaɗa ce ke fara kai ƙara, likita kuma ya ce ta koma keken lantarki. Wannan sauyin ne ya mai da bakin tasha babbar magana a rayuwarta. Keken hannu marar nauyi ne, mutum biyu masu wucewa za su iya kwantar da shi baya su ɗora shi kan dakalin gefen titi. Keken lantarki da batiransa ya haura kilo 100 tun kafin ta zauna a kai. Ba a ɗaga shi, ba a kwantar da shi, kuma ƙananan tayoyinsa na gaba suna cijewa a tudun da bai kai tsayin tafin hannu ba. Alherin masu wucewa ya daina yi mata amfani. Ko dai bas ta tsaya daidai, ko kuwa babu tafiya.

Ga yadda hawan yake idan komai ya tafi daidai. Direba ya hango mai keke tun daga nesa, ya shigo tasha ya jera bas da dakali. Ya bar ƙofar gaba a rufe, don kada fasinjoji su riga ta cika wurin keke. Ya buɗe ƙofar tsakiya masu sauka su sauka, ya rufe ta, ya durƙusar da bas ta hanyar sako iskar da ke ɗauke da ita, sannan ya danna maɓallin gada. Ƙararrawa tana kaɗawa, gadar ta zamo daga ƙarƙashin ƙofar tsakiya ta sauke bakinta a kan dakali, ƙofa ta buɗe. Yaya ta hau, ta juya ta jingina bayan keke da matashin da aka kafa, fuskarta na kallon bayan bas, ta kashe keken. Sai a janye gada a buɗe wa sauran jama'a. Duk wannan bai fi minti ɗaya ba.

Gadar nan da dakali aka auna ta, ba da kwalta ba. Ƙa'idar 2000 ta ce faɗinta kada ya gaza milimita 800, ta ɗauki kilo 300, kuma idan ta sauka kan dakali mai tsayin milimita 125, gangarenta kada ya wuce digiri 7. Lissafin mai sauƙi ne. Bas da ta durƙusa, bakin ƙofarta yana kusan santimita 25 daga ƙasa. Dakali ya cinye rabi, saura rabi gadar mai tsawon kimanin mita ɗaya za ta hau. Aka ɗauke dakali aka sauke ta kan titi, tsayin da za a hau ya ninka, tsawon gada bai ƙaru ba, gangare ya doshi digiri 14 ko fiye, musamman da yake titi yana karkata zuwa magudanar ruwa. Kekunan lantarki da yawa kamfanoninsu sun rubuta iyakar gangaren da suka lamunta tsakanin digiri 6 zuwa 10. A hawa, keke yana neman kifewa ta baya. A sauka, matakin ƙafa ne ke fara soke kwalta, keke ya tsaya cak, mai shi ya zamo gaba idan ba ɗamara. Shi ya sa hukumar sufuri ta Landan, TfL, take son dakalin tasha kada ya gaza milimita 100, an fi so ya kai 125 zuwa 140, kuma bas ta tsaya cikin santimita 20 daga bakinsa.

Wannan santimita 20 ɗin ita ce mota guda da aka ajiye take hanawa, kuma a nan ne masu mota ba su fahimce mu ba. Da wuya ka ga wanda ya yi fakin a tsakiyar akwatin da aka zana wa bas. Yawanci a wutsiya suke tsayawa, inda bas ke shigowa, su duba gaba su ga fili mai tsawon mita 20 ba kowa, su ce ai sun bar wuri. Bas mai bene tsawonta mita 10 zuwa 11 ne, marar bene takan kai 12, to me ya hana ta shiga? Abin da ya hana shi ne bas ba ta tafiya a kaikaice. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwana ne. Ka dubi kwale-kwale mai son jingina da gaɓa: kai yana taɓa ƙasa tun tuni, gindi yana can cikin ruwa. Ƙofar gaba tana iya kaiwa bakin dakali, amma ƙofar tsakiya, wadda gadar ke ƙarƙashinta, tana mita biyar zuwa shida a baya, har yanzu tana nesa. Jagoran tsara tasha da TfL ta fitar a 2006 ya ce inda ake fakin gaba da baya, tasha tana buƙatar mita 37: mita 13 na shigowa, 15 na miƙewa, 9 na fita. Wanda ya ajiye mota mai tsawon mita huɗu da rabi a cikin 13 ɗin farko bai ci mita huɗu da rabi kawai ba, ya matsar da wurin da bas za ta fara karkatowa, miƙewar ta tafi.

Abu uku ne ke biyo baya, ya danganta da nisan da ƙofar tsakiya ta tsaya. Idan tazarar 'yar kaɗan ce fiye da ƙima, gadar takan fito ta daki fuskar dakali maimakon ta hau kansa. Tana da na'urar da ke jin ta taɓa wani abu, don kada ta karya ƙafar mutum, sai ta koma ciki da kanta. Direba ya sake gwadawa, ta sake komawa, fasinjoji su fara tsaki. Idan tazarar ta kai mita ɗaya da 'yan kai, gadar ta sauka a magudana, bakinta yana kallon dakali da taki ɗaya. Wannan shi ne mafi muni, domin keke yana buƙatar kusan mita ɗaya da rabi kafin ya juya, ga shi babu. Idan kuwa bas ta tsaya a tsakiyar titi kusa da motar da ta tare, akwai filin juyawa, amma sai mai keke ya sauko kwalta tukuna. Saukowar ba ta yiwuwa sai inda aka kwantar da dakali, yawanci a mahaɗar titi ko wurin tsallakawa, wanda kan yi nisan mita 50 ko fiye. Ta je can, ta sauka, ta dawo a kan titi tana fuskantar motoci, a tsakanin bas da motocin da aka ajiye, inda masu keke da masu babur ɗin kai abinci ke kurɗawa.

Tashar da take canja bas a hanyar ofishinta ta daɗe tana fama da motar burodi. Shagon yana daidai wutsiyar akwati, farar motar kaya ta zo da safe ta tsaya, sigina biyu suna ƙyaftawa, ƙofofin baya a buɗe. Wata rana Yaya ta matsa kusa ta ce wa yaron motar, "Ɗan nan, don Allah ja gaba kaɗan, bas ɗina na tafe." Ya ce, "Yanzun nan, Madam, faranti biyu ya rage." Yana cikin shago bas ta zo. Mutumin da ke zaune a keke kansa bai fi mita ɗaya da santimita 30 daga ƙasa ba, motar kaya kuwa ta haura mita biyu. Direba bai gan ta ba sam. Ya tsaya a titi, ya buɗe ƙofar gaba, masu ƙafa suka sauka daga dakali suka shige. Kafin ta zagayo inda madubinsa zai kama ta, ya rufe ya tashi. Yaron burodi ya fito ya ba ta haƙuri, kuma da gaske minti biyu ya yi. Bas ta gaba ta zo da mai keke a ciki, yawancin bas ɗin Landan kuma gurbin keke ɗaya gare su. Ta uku ta ɗauke ta. A takardar ofis an rubuta makara, ba a rubuta burodi ba.

Gurbin keken nan shi ne wanda aka kai har Kotun Ƙoli a kansa. Doug Paulley, wanda aka bari a tasha a Wetherby a 2012 saboda wata mai keken jariri ta ƙi matsawa, ya sami hukunci a Janairun 2017 cewa bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba, sai ya matsa lamba. Hukuncin ya gyara abubuwa a cikin bas. A ganinmu abin da ke faruwa a wajen ƙofa bai sami rabin wannan kulawar ba, alhali wanda bai hau ba ba shi da gurbin da zai yi rigima a kai.

Yaya takan ce hawa da sauƙi, sauka ce tashin hankali. Wanda aka bari a tasha yana nan inda ya sani. Wanda ke ciki ya danna shuɗin maɓallin da ke wurin keke, direba ya ji ƙarar ta daban, ya iso ya tarar da mota a tasha. Gada ba za ta sauka lafiya ba. Dole a wuce da ita tasha ta gaba, mita 300 ko 400, ta dawo da baya a kan dakalin da ba ta san halinsa ba: ko akwai wurin sauka a kowace mahaɗa, ko an haƙa rami an kewaye, ko an jera buhunan shara. Da rani ɓata lokaci ne kawai. Da hunturu, duhu ya yi tun ƙarfe huɗu, sanyi yana rage ƙarfin batir, sai ta riƙa tafiya ido ɗaya a hanya ido ɗaya a kan fitilun caji. Saboda haka ta haddace tashoshin da ke gaba da bayan duk inda take sauka, ta san wacce ke da dakali mai tsayi, wacce ke da turken fitila daidai inda ƙofar tsakiya ke tsayawa.

Ba masu keke kaɗai ba ne. Makaho da sanda yake bin bakin dakali, ya san idan bas ta tsaya taki ɗaya ne zuwa ƙofa. Idan ta tsaya mita biyu a cikin titi, yana jin injin amma bai san abin da ke tsakaninsu ba, kuma bas-bas ɗin lantarki da suka yawaita yanzu ba su da ƙara sosai. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da za ta ɗaga ƙafa santimita 12 daga dakali, yanzu sai ta sauka kwalta ta ɗaga 25. Faɗuwar da ke karya ƙugun tsofaffi ba ta buƙatar fiye da haka.

Doka dai ba ta da ruɗani. A cikin akwatin da aka rubuta "BUS STOP" da manyan haruffa, idan ka ga layi mai kauri ruwan ɗorawa a jikin dakali, wurin haramtacce ne ga tsayawa, ba fakin kaɗai ba. Layi biyu siraran da mutane suka saba gani a sauran tituna suna barin ka sauke fasinja ko kaya. Wannan mai kaurin bai bari. Ba sauke yaro, ba amsa waya, ba shiga shago. Sassaucin minti 10 da aka shigo da shi a Ingila a 2015 na wuraren fakin ne da lokacin mutum ya ƙare, bai shafi tasha ba. A manyan titunan da TfL ke kula da su layin ja ne, kuma waɗannan tituna kashi 5 ne cikin ɗari na hanyoyin Landan amma suna ɗaukar kusan kashi 30 na zirga-zirga. Tarar can fam 160 ce, rabi idan aka biya da wuri. A sauran sassan Ingila fam 70. A shekarar 2015 ɗin aka taƙaita wa ƙananan hukumomi yanka tarar fakin da kyamara, amma aka bar musu wurare kaɗan, tashar bas na ciki, tare da layin bas, ƙofar makaranta da jan titi. New York ta ɗauki wata hanya a 2024: kyamarar tana jikin bas ɗin kanta, tana ɗaukar lambar duk motar da ta tare tasha, tara daga dala 50 har 250 ga mai maimaitawa.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne shuɗin katin naƙasassu bai halatta tsayawa a tasha ba. Katin yana barin mai shi ya yi fakin a kan layin ɗorawa na yau da kullum har awa uku a yawancin wurare, sai wasu su ɗauka ko'ina ne. Yaya ta sha tarar da mota mai irin katinta a gaban gilashi ta tare mata hanya, kuma ta ce wannan ya fi yi mata ciwo. Baƙar tasi tana da izinin tsayawa gwargwadon hawa ko saukar fasinja. Motocin haya da ake kira ta waya ba su da wannan izinin, su ne kuwa suka fi kowa tsayawa, domin fasinja yakan zaɓi tasha a matsayin wurin haɗuwa, tunda nan ne kaɗai fili.

Inda dokar ke yoyo shi ne ƙaramin allon da ke jikin turken tasha. Wasu allunan sun ce ba tsayawa a kowane lokaci. Wasu sun ce daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, alhali bas tana aiki har tsakar dare, wata ma kwana take. Ƙarfe bakwai da minti ɗaya maƙwabta suka cika akwatin, kuma ba su karya dokar komai ba. Ga mai keke ma'anar wannan ita ce ba zuwa walima, ba dawowa daga tarawihi a bas. Wani wurin kuma akwatin ne gajere, an zana shi daidai tsawon bas don kada a rasa gurbin fakin biyu, an manta da shigowa da fita. Mu ma ba mu kuɓuta ba, idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Bas biyu suka iso tare, ta biyun ta tsaya a wutsiya ta buɗe ƙofa ta tashi daga can ba ta matso gaba ba, mai keke da makaho suna jira a turke. Akwai kuma direban da ko tasha fayau take ba ya matsowa dakali, don gudun wahalar sake shiga cikin motoci. Wannan laifin direba ne, ba na mai mota ba.

Idan aka tarar da tasha a tare, akwai abin da direba nagari ke yi. Ya rage gudu tun da wuri ya leƙa bayan motar da ta tare, ya ɗauka akwai wanda ba ya gani. Idan gaba da fili, ya wuce turke da mita biyar ko goma har bas ta miƙe, ya duba a madubin hagu cewa ƙofar tsakiya ba ta faɗa kan bishiya, kwandon shara ko shingen ƙarfe ba. Ya yi wa mai keke alama da hannu ko ya yi magana ta lasifikar waje cewa ga inda zai tsaya, don kada ta zaci wucewa zai yi. Idan tana ciki, ya gaya mata halin da ake ciki ya tambaye ta, domin ita ta san abin da kekenta ke iya sauka, ita ta san ko tasha ta gaba ta fi mata. Kada ya ja da baya da fasinjoji don gyara tsayuwa, bayan bas makanta ce. Sannan ya sanar da ofishin kula da zirga-zirga ta rediyo, domin abin da ba a rubuta ba, a wurin hukuma bai faru ba.

Wannan darasin na ƙarshe Yaya ta riga mu gane shi, aikin akanta ya koya mata. Da farko waya take bugawa ta yi ƙorafi kan mota guda. Kafin jami'in fakin ya iso motar ta tafi, a rufe magana. Sai ta sauya salo ta buɗe littafi. Kowane shafi: rana, lokaci, sunan tasha da harafinta, lambar layi, irin motar da ta tare, a wutsiya ko a kai, da abin da ya biyo baya, wato bas ta wuce, ko gada ta ƙi sauka, ko an zarce da ita. Hoto kuma ba na lambar mota kaɗai ba, mai faɗi wanda ya kama mota da layin da ke ƙarƙashinta da allon lokaci a tare. Ta koyi duba launin layi kafin ta aika: ja na TfL ne, ruwan ɗorawa na ƙaramar hukuma. Bayan 'yan watanni littafin ya nuna abin da ƙorafi ɗaya ba ya nunawa, cewa matsalar tashar da take canja bas ta masu sauke kaya ce, kusan duk tsakanin bakwai da rabi zuwa tara na safe.

Da wannan ta je wurin kansilan unguwa, kuma ba tara ta nema ba. Ta ce masu shago suna da gaskiyarsu, burodi ba zai sauke kansa ba, wurin sauke kaya mafi kusa yana bayan kwana. Tara tana korar mota ɗaya yau, gobe wata ta zo. Abin da ta nema shi ne a sauya ginin wurin. An ɗauki lokaci, an yi taron jin ra'ayi, wasu masu shaguna suka ƙi da farko don suna tsoron rasa gurbin fakin. A ƙarshe aka faɗaɗa dakalin tashar ya shigo titi da kusan mita biyu, daidai layin motocin da ake ajiyewa, aka ɗaga tsayinsa, aka mai da ragowar tsohon akwatin wurin sauke kaya. Yanzu bas ba ta karkata ko kaɗan. Tana tafe a miƙe, ta tsaya a layinta, ƙofofi biyu suna jikin dakali. Tashar ba ta ƙara buƙatar mita 37 ba, shaguna ma suka ƙaru da fili. Ba wanda ke fakin a gaban irin wannan dakali, domin wanda ya yi ya toshe titin gaba ɗaya, masu hon za su kore shi kafin kowane jami'i. Illarsa ita ce motocin baya suna jira har bas ta tashi, shi ya sa ba a yin sa a kowane titi, musamman inda bas-bas ke zuwa a jere. Inda bai yiwu ba, wata dabarar ita ce a mai da tasha gaba da wurin tsallakawa ko gaba da mahaɗa, ta yadda filin da dama an hana tsayawa a kansa zai zama hanyar shigowar bas. Wasu garuruwan kuma suna sa dakali mai lanƙwasasshiyar fuska da aka fara amfani da shi a Kassel ta Jamus, wanda taya ke gogawa ba ta lalace ba, direba ya matso sosai ba fargaba.

Yaya ta kusa ritaya yanzu. Daga cikin tashoshi huɗu da take amfani da su zuwa aiki, uku ba ta ƙara tunaninsu. Ta huɗun, wadda take sauka kusa da gida, har yau allonta bakwai zuwa bakwai ne. Idan taro ya riƙe ta a ofis ko ta biya gidan 'yarta, takan sauka a tashar da ke kan jan titi, ta ƙarasa a keke ta doguwar hanya, wajen minti goma sha biyar. Ta rubuta wa ƙaramar hukuma a mai da allon na kowane lokaci, an amsa mata cewa za a tuntuɓi mazauna layin, waɗanda motocinsu ne ke kwana a akwatin. Ta buɗe wa tashar sabon shafi a littafinta.